Sawun da Kawu Hamman Ya Ƙi Faɗin Mai Shi

Daminar bana ta cika shekara ashirin da takwas da muka kai Kawu Hamman makwancinsa. Na ƙirga da yatsa, na sake ƙirgawa, don ban yarda ba. Waɗanda suka yi masa wanka duk sun bi shi, sai mutum ɗaya, shi ma ya kurumce. Yaran da ke wasa a ƙofar gidansa na unguwar Turaki a Jalingo ko sunansa ba su sani ba, balle sana'arsa. In ka ce musu a gidan nan an yi mutumin da zai dubi ƙasa ya gaya maka wanda ya wuce, dariya za su yi, su ce Baba ya fara tatsuniya da rana tsaka. Ni da nake wannan rubutu ɗan ƙanwarsa ne, Umaru, kuma ba yabo kawai na zo yi ba. Akwai maganar da na haɗiye tun yana raye, ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi. Yau nake so in fitar da ita a gaban jama'a.

Kawu mai bin sawu ne. A bayan shanu ya tashi, a wajen mahaifinsa ya koyi aikin, kuma har ya tsufa a cikin gari bai daina tafiya kansa a sunkuye ba. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka kunya ce, alhali karatu yake yi. In an sace akuya a unguwar Sintali, ko yaro ya ɓata a hanyar gona, ko an fasa rumbu, shi ake aika wa. Zai tsuguna ya ce wannan mace ce, da goyo, ta tsaya nan ta gyara zani. Ko ya ce wannan ya sha burkutu, ku bar shi, ba ɓarawo ba ne, hanyar gidansa yake nema. Musulmi da Kirista duk kiransa suke yi, ya je ya dawo, in an ba shi goro ya ce useko, wato na gode da Fillanci, in ba a ba shi ba ma haka.

Dokoki biyu yake da su, kuma ban taɓa ganin ya karya ko ɗaya ba. Ta farko, ba ya kiran sunan mutum a kan sawu ɗaya. Ya kan ce sawu ɗaya ba ya magana sai ya samu 'yan'uwansa, sai ya ga taku bakwai a jere kafin ya buɗe baki. Ta biyu kuwa ita ce ta sa muke tsokanarsa da Kawu mai shara. Yana da wata guntuwar tsintsiya da ba ta rabuwa da hammatarsa. Duk sawun da ya karanta, da ya gama sai ya share shi tas. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A lokacin kowa a garin nan yana tsoron a ɗebi ƙasar sawunsa a kai wa boka, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci duk ɗaya. Na taɓa tambayarsa ko ya yarda ana yin sammu da ƙasar sawu. Ya ce shi bai sani ba, abin da ya sani shi ne mutum bai bar sawunsa don a ajiye ba, wanda ya karanta shi kuwa ya ɗauki amana.

Ni kuma boko na yi. Jihar Taraba tana sabuwa, ofisoshi na tsirowa ko'ina, na dawo daga Yola da takardar buga tafireta da 'yan watanni na koyon kwamfuta. Na samu aiki wajen wani likita, a ɗakuna biyu a bayan wani ofishin lafiya. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, kuma niyyarsa mai kyau ce. Damuwarsa masu ciwon sukari da kutare, waɗanda ƙafarsu ta daina jin zafi, takalmin kanti ya ci musu nama ba su sani ba har a kai ga yankewa. Ya ce takalman nan a kan ƙafar wasu mutane aka auna su, shi yana son sanin sifar ƙafar mutanenmu, masu noma ba takalmi. Sai mu shafa tawada a kan faifan roba, mutum ya taka, sannan ya taka farar takarda, ni kuma in rubuta sunansa da unguwarsu a ƙasa. A ofis in ɗora takardar a kan gilashin wata na'ura ta ɗauki hotonta. Daga nan kwamfuta ta karɓa da kanta: ta auna tsawo, ta auna faɗin gaba, da ƙuncin tsakiya, da dunduniya, da karkatar babban yatsa, ta ware shimfiɗaɗɗiyar ƙafa daban, mai rami daban. Aikin da likita zai yini yana yi da rula, ita kafin shayi ya huce ta gama.

Kai, na yi girman kai a lokacin! Shekarata ashirin da bakwai, na sa kwat a zafin Jalingo, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni. A teburin mai shayi na sha faɗa da bakina cewa injinmu ya fi Kawu, kuma in aka ba shi sawu zai fito da mai shi. Likita bai taɓa faɗin haka ba, ni na ƙara gishiri. Wata rana na lallaɓi Kawu ya zo ya gani. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi zama a kujera, ya tsaya yana kallon layukan da kwamfutar ke ja a kan hoton ƙafa.

"Umaru, in ka ba ta ƙafar da ba ta taɓa gani ba, me take cewa?"

"Sai ta nuna wadda ta fi kama da ita, Kawu."

"Ba ta cewa ban sani ba?"

"Ba a koya mata ba."

Ya jinjina kai. Ya dubi tarin takardun da ke kan kanta, ya ce, "To, in kun gama, wa ke sharewa?" Na fashe da dariya har ina riƙe ciki. Shi bai yi dariya ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalminsa ya tafi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ko gindin rimin ban je ba.

A Kona, wani ƙauye da ke gefen gari, muka fi shan wuya. Mai unguwa ya ba mu jerin sunayen magidanta, likita kuma ya kafe cewa kowane suna sai ya samu takardarsa, ba ya son rami a aikinsa. Mutane suka noƙe. Mutumin da ke tsoron a ɗebi ƙasar sawunsa, ka zo ka ce ya ba ka sawun gaba ɗaya a takarda, ka naɗe ka tafi da shi? Sai da fasto ya tuɓe takalmi ya taka a gaban kowa, wani liman ma ya taka, sannan aka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ne ya ƙi, wani manomin doya mai suna Yohanna, dogo, mai yawan fara'a. Sau uku ina zuwa gonarsa. Ya ba ni gasasshiyar doya, ya ba ni ruwa, amma maganar taku ya ce ina! "Malam Umaru, ka ci doya. Ƙafana kam ba na gwamnati ba ne. Na bar sawu a gona, ruwa ya wanke, shi ke nan."

A rana ta ƙarshe hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsun Kona, direba na ta matsa ham, likita kuma zai yi tafiya yana son takardun su cika. Suna ɗaya ya rage. Na zaga bayan mota, na waiga ba kowa, na cire takalmina na dama da safa, na taka tawada, na taka takarda. Na rubuta a ƙasa: Yohanna, Kona. Na ce a raina ƙafa ai ƙafa ce, wa zai sani? Na goge tawadar da ciyawa, na shiga mota, kafin mu iso gari na manta.

Waɗanda suka zauna a Jalingo a shekarun nan sun san yadda gari yake. Labarai marasa daɗi na shigowa daga kudancin jiha, motoci na sauke mutane da tabarmi da tukwane, ba ka tambayar su abin da ya koro su. Kowa kunnensa a tsaye. Faɗan da a da za a raba da dariya, yanzu sai an fara tambayar wane ne da wane ne. A cikin wannan hali aka shiga garken wani Alhaji na Sintali, a bayan gari ta wajen Kona, aka kore shanun nomansa, aka sari dattijon da ke gadi. Kafin hantsi dattijon ya cika a asibiti.

Kawu ba ya gari, ya tafi ta'aziyya wata ruga. Ruwa ya wanke komai, sai sawu ɗaya tak da ya tsira a laka a bakin rafi, ƙarƙashin wata bishiya. Aka kife kwano a kansa. Shugaban 'yan banga, wanda kowa ke kira Kwamanda, ya shimfiɗa farar leda a kan sawun ya bi gefensa da biro. Yana cikin waɗanda suka sha jin cika bakina a teburin mai shayi. Da hantsin ranar sai ga shi a ofis da mutum biyar, likita kuwa yana Jos. Zan iya cewa ba ni da izini. Zan iya cewa babu wuta. Amma suna kallona kamar wani babban malami, sai na tayar da janareta da hannuna.

Na ɗora ledar a kan gilashi. Kwamfuta ta yi ta gurnani, ta ja layukanta, ta fito da lamba. Na buɗe rajista ina bin lambobi, amma yatsan Kwamanda ya riga idona isa wurin.

"Yohanna, Kona," in ji shi.

Ya zare takardar daga cikin fayil, ya haɗa da ledarsa. Na buɗe baki zan ce ku tsaya, ba ƙafarsa ba ce. Sai wani tunani ya rufe mini bakin. Inji ya ce mai wannan ƙafa ne ya je garken, ƙafar kuwa tawa ce. Ni ban taɓa taka garken Alhaji ba, amma wa zai tsaya ya saurare ni, ga gawa tana jiran wanka? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na bar su suka fita, na ji ƙarar baburansu ta nufi Kona. Na zauna ina kallon takalmina.

Wajen azahar aka ce mini Kawu ya dawo. Na same shi ko ruwa bai sha ba, na gaya masa rabin magana, na ce kwamfuta ta nuna Yohanna. Ya ɗauki sanda da tsintsiya, muka hau acaɓa. Ya sa aka fara kai mu bakin rafi, ya ɗaga kwanon, ya tsuguna ya daɗe, ya mayar da shi a hankali. Sannan ya ce Kona.

Abin da na gani a filin makarantar nan har gobe yana zuwa mini. An ɗaure Yohanna a gindin mangwaro, fuskarsa ta kumbura, hannunsa na hagu yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Mata sun rirriƙe matarsa. Ga taya a jingine, ga galan ɗin fetur kusa da ita, ba wanda ya taɓa su tukuna, ba kuma wanda ya kawar da su. Can kan duwatsu samarin unguwar sun fara taruwa, kowa da abin da ya ɓoye a bayansa. An aika a kira hukuma, ba su iso ba. Duk mai hankali ya san in ashana ta kama a filin nan, ba Yohanna kaɗai za ta ci ba. Kwamanda kuwa yana ɗaga takarda sama yana cewa, "Ba ni na faɗa ba, inji ne ya faɗa! Inji ba shi da addini, ba shi da ƙabila, ba ya ƙarya!" Mutane na amsawa da haka ne.

Kawu ya ratsa su kansa a sunkuye, ya miƙa hannu. Kwamanda ya ba shi takardar, don har lokacin ba a hana Kawu Hamman ganin sawu a garin nan. Ya dube ta. Ina tsaye a bayansa, na ga babban yatsansa ya sauka a kan wani siririn farin layi da ya ratsa tsakiyar tawadar, ya tsaya a nan. Ina ɗan shekara tara na taka fasasshiyar kwalba a bakin kogi. Shi ya goyo ni zuwa gida, shi ya wanke ciwon, shi ya ɗaure. Tabon bai ɗauki tawada ba. Kwamfuta gefen ƙafa take aunawa, ba ruwanta da farin layi. Kawu bai waigo ya dube ni ba, na ga dai bayan wuyansa ya jiƙe da gumi.

Ya ce a kawo ruwa a jiƙa ƙasa, a kwance mutumin. Aka yi ta gardama, amma aka kwance. Ya ce wa Yohanna ya taka, taku bakwai. Yohanna da ƙyar yake tsayuwa, amma ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya dubi mutanen da suka kewaye shi, ya ce, "Baba, in na taka, za ka share?"

"Da hannuna zan share."

Ya taka. Kawu ya ajiye takardar a gefen sawun farko, ya kira dattawa su matso. Ƙafar Yohanna ƙafar manomi ce, faffaɗa, yatsu a warwatse, babban yatsa ya fita waje, tafin ya kwanta shimfiɗe ba rami. Ta takardar siririya ce, yatsu a matse, ƙafar wanda ya girma cikin takalmi. Ba sai mai bin sawu ba, makaho ma in ya shafa zai gane. Gani ya kori ji. Aka fara kallon juna.

Sai Kwamanda ya ce, "To, in ba tasa ba ce, ta wane ne?"

Kawu ya ce, "Ɗaya na gani a rafi, ɗaya a takarda. Ba na magana a kan ɗaya."

"Ka sani! Fuskarka ta nuna ka sani!"

Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Ya zare tsintsiyarsa, ya sunkuya, ya fara share sawun Yohanna ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ihu na tashi a kansa. Wani ya jefo dutse ya same shi a kafaɗa, bai ɗago ba sai da ya share na bakwai. Fushin ya bar Yohanna ya koma kan tsoho, amma ba wanda ya iya sa wa Kawu Hamman taya. Kwamanda ya tofar da yawu, ya ce, "Tsohon banza, an saye ka." Can motar hukuma ta iso, aka ɗauki Yohanna zuwa asibiti, samarin kan duwatsu suka sauka ɗaya ɗaya.

A ƙafa muka dawo. Sai da muka yi nisa, ba kowa kusa, ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Ni na ɗaure ciwon nan, Umaru. Na san ba kai ka je garken ba. Wanda ya taka lakar nan dunduniyarsa a tsage take, taka kuwa ta yi laushi tun da ka shiga boko. Amma kai ka taka wa bawan Allah suna. Ka je ka faɗa da bakinka. Ni ba zan faɗa ba."

Na ce, "To, Kawu. Bari gari ya lafa."

Gari ya lafa, ban faɗa ba. Likita ya dawo ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce shi ba don kamun ɓarayi ya kawo na'ura ba. Ya ɗauka takardu ne suka cakuɗe a mota, na bar shi a haka. Ya cire sunaye daga rajistar, ba da daɗewa ba ya rufe aikin ya koma inda ya fito. Ni aka mayar da ni wani ofis, na yi ta hawa har na yi ritaya da mutuncina, ana ce mini Alhaji. Ɓarayin shanu ba a taɓa kama su ba. Hannun Yohanna ya warke a karkace, garma ta gagare shi. Kuma maganar ba ta mutu ba, a kasuwa ana nuna shi da baki, ana cewa inji ya kama shi, tsoho ya sake shi. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya bar Kona.

Kawu kuwa daga ranar ba a sake aika masa ba. Aka ce ya karɓi cin hanci, aka ce ya san wanda ya kashe mai gadi ya rufa masa asiri. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana rantsuwa da idonsa, sai ga shi in ya shiga sahu ana barin tazara. Da kalma ɗaya zai wanke kansa, kalmar kuwa sunana ce. Bai sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. In na je gaishe shi, sai ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya tambayi lafiyar mutanen gida. Wannan kallo ya fi mini bulala ciwo, har na fara rage zuwa, ina fakewa da aiki. Da damina ta dawo zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu ya cika. Mutanen da suka raka shi ba su cika sahu uku ba.

Bayan addu'ar bakwai aka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Riguna biyu, carbi, tsintsiyar nan, da takarda a ninke cikin leda. Na gane ta tun kafin in buɗe, na yi wuf na sa a aljihu. A ɗakina na warware. Sawun yana nan, farin layin yana nan. Amma a ƙasa, inda na rubuta sunan Yohanna, Kawu ya bi da reza ya kankare shi harafi bayan harafi, shi da bai iya karatun boko ba. Ya share na wanda ba shi da laifi. Wurin ya bar shi fari, bai sa kowa ya rubuta masa komai ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki, kwanan baya na kai maiɗakina wani asibiti a Abuja, sukari ya fara taɓa mata ƙafa. Ba tawada, ba takarda. Ta hau kan gilashi, kafin ta gyara mayafi ƙafarta ta fito a allo da launuka, ja inda nauyi ya fi yawa. Aka yi mata takalmi daidai da ita, kuma ya yi mata amfani, ba zan ci amanar gaskiya ba. Burin likitanmu ke nan ya cika. Amma kafin ta hau sai da suka karɓi sunanta, da lambar wayarta, da lambar katin ɗan ƙasa. Ban san lokacin da bakina ya tambayi ma'aikaciyar ba, na ce 'yata, in kun gama, wa ke sharewa? Ta yi irin dariyar da na yi wa Kawu, ta ce, "Baba, ai ba a sharewa. Yana nan ajiye."

Da Kawu zai leƙo yau, ban ce zai zagi na'ura ba, shi ba mai zagin abin da bai sani ba ne. Tambayoyinsa biyu zai sake yi, kuma ina tsoron amsar ba ta canza ba. Ina jin ana cewa yanzu akwai injinan da ke gane mutum daga sawunsa, har daga yadda yake taku. Wataƙila sun fi tamu ido nesa ba kusa ba. Amma wani ne ke rubuta suna a ƙasan hoton, kuma wanin nan yana gajiya, hadari na taso masa, direba na matsa masa ham. Mutane kuma sun fi na da saurin yarda da abin da allo ya nuna. A zamaninmu sai da Kwamanda ya hau babur ya kai takarda Kona. Yau kafin ya tayar da babur hoton ya shiga kowace waya a garin. Tituna sun sha kwalta, kowa da takalmi, ba wanda ya iya karatun ƙasa. In aka sake ɗaure wani a gindin mangwaro, ban san wanda zai ratsa taro ya ce a kawo ruwa ba. Wannan tunani yana hana ni sukuni, wallahi.

Me ya rage na Kawu Hamman? Sana'arsa ta bi shi, ba wanda ya gada. Gidansa an sayar, an yi shaguna a gaba. Tsintsiyar tana wurina, ta zube saura 'yan tsinke. Sunansa kuwa, a bakin tsofaffin da suka rage, har yau da tabo a jikinsa, kuma ni na sa masa. Ya ceci mutum biyu a rana ɗaya, ɗaya da idonsa, ɗaya da shirunsa, ya biya da abin da ya fi ƙauna a duniya. Na ɗauka shirun nan kyauta ce ya ba ni. Sai da na tsufa na gane jira yake yi.

Na yi tambaya, an ce Yohanna ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan. In wannan jarida ta kai hannunku, ku sani mahaifinku bai saci shanu ba, bai sari kowa ba, ko takardar ma bai taka ba. Shi ne mai gaskiya da ya ƙi takawa. Ku kuma mutanen Turaki da Sintali da kuka ce an sayi tsoho, ba wanda ya ba shi ko ƙwandala. Ɗan ƙanwarsa ya rufa wa asiri, ɗan ƙanwar kuwa ya bar shi ya mutu da zargi. Ban nemi ku yafe mini a cikin jarida ba, zan zo da ƙafata in tsaya a ƙofarku. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa sharar da ya yi wa bayinsa ta share masa hanya.

Jiya bayan la'asar na ciro takardar, na shimfiɗa ta a kan tebur, na ɗauki biro. Wurin da reza ta ci ya yi siriri, ina rubutu yana hujewa. A haka dai na lallaɓa na rubuta: Umaru, Turaki. Sawun nawa ne.